Mene ne "ƙin kai" da Kiristoci suke yawan faɗa?

A majami'un Garwa da Marwa, musamman idan ana koyar da masu neman baftisma, da wuya a tashi fasto bai ambaci ƙin kai ba. Wasu kan ce musun kai. Tushen maganar yana Markus 8:34, inda Yesu ya ce mai son binsa sai ya ƙi kansa, ya ɗauki gicciyensa. Luka 9:23 ya ƙara da cewa ɗaukar ta kowace rana ce.

Abin nufi shi ne mutum ya cire hannu daga abin da ya dogara da shi, muddin ya tare masa hanyar bin Almasihu. Sau da yawa kuma abin ba mugu ba ne. Tarun da Bitrus da Andarawas, almajiran Yesu, suka bari a bakin Tekun Galili don su bi shi, da shi suke ci. Yakubu da Yahaya uba suka bari a jirgi tare da ma'aikatansa.

Mu a arewacin Kamaru ba sai mun je nesa neman misali ba. Simon Mpeke, wanda ake kira Baba Simon, yana cikin 'yan ƙasa na farko da aka naɗa fada, wato limamin coci, a darikar Katolika a 1935. Shi ne babba a cocin New-Bell da ke Duwala, yana da jama'a, yana da suna. A 1959, ya haura shekara 50, ya bar wannan duka ya hauro arewa, ya zauna a Tokombere, gindin duwatsun Mandara, cikin mutanen da ko harshensu ba ya ji da farko. Babu takalmi yake hawa duwatsu yana ziyarar gidaje. Ya rasu a 1975.

Sai dai akwai masu fakewa da guzuma su harbi karsana. Magidanci ya bar rumbu wayam, yara an koro su daga makaranta saboda kuɗi, ya ce shi kiran Allah ya samu. A ganina wannan gudun nauyi ne. Yesu da kansa, a Markus 7, ya tsawata wa masu hana iyayensu taimako da hujjar sun keɓe dukiyar ga Allah. Mutumin ƙasar Garasinawa da aka fitar wa aljanu ma ya roƙi a tafi da shi, Yesu ya ce ya koma gida wurin danginsa ya ba da labari.

Yawancin masu bi irin wannan kiran suke samu, na zama a inda suke. 'Yar awon gero ta ajiye mudun da aka buga wa gindi ya loɓa ciki, ta ɗauko cikakke, alhali ta san ribarta ta yini za ta ragu. Ɗan acaɓa ya mayar da jakar da fasinja ya manta. Wata kuma a zumuntar mata, bayan shekaru tana gaba da matar ƙanin mijinta kan iyakar gona, ita za ta fara yin sallama a ƙofarta, ko an amsa ko ba a amsa ba.