Wane ne Barista?

Tun da aka fara kaɗa gangar siyasa, duk allon da ka ɗaga kai ka kalla daga Ƙofar Doka zuwa PZ a nan Zariya sai ka ga "Barista wane". A rediyo ma da an gayyato mutum sharhi kan wata shari'a za a liƙa masa kalmar, ko da digiri kaɗai gare shi. Makon jiya muka yi walimar ɗan ƙanwata a Tudun Wada, ya gama shekara biyar a Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, sanƙira sai "Barista ya iso" yake yi. Kafin a watse wata dattijuwa ta ja shi gefe, ta kwance bakin mayafinta, ta fito da takardar gona duk ta ci ninki. Yaron ya russuna ya ce, "Gwaggo, ai ban zama lauya ba tukuna." Ta ce, "To ɗan nan, walimar me muke ci?"

Ba laifinta ba ne, mu masu karatu muka ruɗa ta.

Kalmar daga Ingila ta zo, tushenta kuwa "bar". Na ji masu cewa mashaya ake nufi, wannan kuskure ne. Shingen katako ne da ke zauren gidajen horar da lauyoyi guda huɗu na Landan, manya suna zaune a cikinsa, ɗalibai a waje. Ɗalibi zai yi ta zuwa yana sauraron muhawara, yana cin abincin dare tare da manya suna lura da zamansa da maganarsa, har ranar da suka gamsu su kira shi ya matso bakin shingen. Wanda aka kira ɗin nan shi ne barista. Kiransa ake yi, ba ya kai kansa. Ta wannan hanya Sapara Williams ya zama lauya na farko ɗan ƙasar nan a 1879, kuma Landan ɗin aka ci gaba da zuwa har aka yi dokar 1962 da ta kafa Makarantar Koyon Aikin Lauya ta Najeriya. A Janairun 1963 ta buɗe a titin Igbosere da ke Legas da ɗalibai 8. Yau hedikwatarta na Bwari a Abuja, reshenta mafi kusa da mu kuma yana Bagauda a jihar Kano. Cin abincin daren ma bai mutu ba: sai ɗalibi ya halarci guda uku kafin a kira shi, kuma ni ina ganin al'ada ce da ta cancanci a riƙe.

Saboda haka wanda ya gama Kongo, ko ɓangaren shari'ar Musulunci ya bi ko na shari'ar zamani, ilimin doka ya samu. Sai ya je waccan makaranta, ya zauna a kotu da ofishin lauyoyi ya ga aiki da idonsa, ya ci jarrabawar ƙarshe, majalisar dattawan lauyoyi ta kira shi, ya sa hannu a rajistar Kotun Ƙoli, sannan ya halatta ya tsaya gaban alƙali da hular gashi da baƙar riga. Kafin haka, karɓar aikin lauya laifi ne a doka.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran da ke aji biyu da uku, masu fari da baƙin kayan nan da ke cika ƙofar Kongo da safe. Ana kiransu barista tun daga gida, sai wasu su ɗauka an gama. Gurbin da ake ba kowace jami'a a makarantar ƙayyadadde ne, wanda ya bar kwas a baya yana iya kallon abokansa su tafi shi yana jiran wata shekara. Dokar shaida, dokar filaye, dokar kamfanoni da dokar laifuka, waɗanda wasu ke haddacewa daren jarrabawa su manta, su ne dai za su tarar a can, ba wanda zai sake koya musu daga tushe. Ana kuma duba hali. Tabon satar jarrabawa ko shiga ƙungiyar asiri yana iya hana a kira mutum, komai kyan sakamakonsa.

Su kansu lauyoyin, kwamitin ladabtarwarsu ya taɓa yanke cewa ɗora "Barista" a gaban suna bai dace da aikin ba, ko ga wanda aka riga aka kira. Ina ga wanda bai taka Bagauda ba?

Ɗan ƙanwar tawa dai washegari ya ɗauki Gwaggo a Keke Napep ya kai ta ofishin wani lauya a Sabon Gari, ya zauna a gefe yana rubuta tambayoyin da ake yi mata.