Farin garin da ke fitowa daga batir: ba duka ne asid ba

A Nima da Zongon Kumasi an daɗe ana cewa farin garin da ke taruwa a mazaunin batir na rimot, tocila ko filashin kyamara asid ne, don haka ruwan kanwa ne maganinsa. Maganar tana da tushe: ruwan da batir mai arha na zinc-carbon ke zubarwa yana da ɗan tsami. Amma na alkalin, potassium hydroxide ne a cikinsa, dangin kanwar kanta. Idan ya sha iska sai ya daskare ya zama farin ɓawon nan, kanwa kuwa ba ta kashe kaifinsa.

Don sanin wanne ne naka, duba lambar da aka rubuta a jikin batir. LR6 ko LR03 alkalin ne. R6, R03 ko R20 marar L, zinc-carbon ne.

Sa safar hannu, domin garin yana ƙona fata, ka kiyaye idonka. Idan alkalin ne, tsoma auduga a ruwan lemon tsami ko binega ka ɗiga kan ɓawon. Za ka ga ƙananan kumfa suna tashi, wannan ita ce shaidar ba asid ba ne. Goge da tsohon buroshin haƙori, bi da auduga mai ɗan danshi, ka bari ya bushe sarai. Kada ruwa ya gangara cikin kyamara. Na zinc-carbon, bekin soda da ɗigon ruwa ya isa.

Kashe na'ura ba ya hana yoyo. Wadda za ta yi wata ba a taɓa ta ba, a cire mata batir. Kada a haɗa sabo da tsoho: tsohon ne ke ƙarewa ƙaf, iska ta taru a cikinsa ta fasa hatimin.

Don Allah a tura wa 'yan uwa, musamman masu ɗaukar hoton biki.