Shin ƴan Baftis ƙungiyar asiri ce? Tambayoyin da suka taso a fadarmu

Wani bidiyo ne ya zo ta WhatsApp muna zaune a fadarmu ta Sabon Gari, nan Damagaram. Fasto ne tsaye cikin kogi, ruwa har ƙugu, yana nutsar da mutane masu fararen kaya ɗaya bayan ɗaya. Shayi na biyu bai sauka daga kan wuta ba, wani ya riga ya yanke hukunci: "Wallahi wannan ƙungiyar asiri ce." Ga tambayoyin da suka biyo baya.

Me ake nufi da ƙungiyar asiri a sha'anin addini?

Kalmar tamu tana ɗan yaudara, don tana kai hankali ga matsafa da masu haɗuwa tsakar dare. Abin da masu Faransanci ke kira secte ya fi haka faɗi. Jama'a ce da mutum guda ya mallake, har maganarsa ta koma kamar wahayi. Yakan raba mabiyi da iyayensa da abokansa, ya sa hannu a dukiyarsa da aurensa, ya tsorata shi da bala'i in ya yi tunanin fita. Ana kuma ɓoye wa sabon shiga ainihin koyarwar sai ya nutsa.

A ganina alamar da ta fi kowace ƙarfi ita ce ƙofar fita. In mutum ya ce ya bari, ana sallamarsa lafiya, ko ana bin sawunsa?

Akwai misalai?

Ba sai mun yi nisa ba. Manyanmu suna tune da Muhammadu Marwa, Maitatsine, wanda rikicinsa na Disambar 1980 a Kano ya ci rayuka sama da 4,000. A ranar 18 ga Nuwambar 1978, mutum fiye da 900 suka mutu a Guyana ta Kudancin Amurka, akasarinsu da gubar da shugabansu Jim Jones ya sa aka sha, har da ƙananan yara. A Kanungu ta Uganda, cikin Maris na 2000, ɗaruruwa suka ƙone a ɗakin ibada bayan tashin duniyar da aka yi musu alkawari bai zo ba. A 2023 kuma aka tono gawawwaki sama da 400 a dajin Shakahola na Kenya, na mutanen da wani fasto, Paul Mackenzie, ya ce su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Wasu da sunan Musulunci suka fito, wasu da sunan Kiristanci, amma zaren ɗaya ne: mutum guda da ba mai ce masa a'a.

To su wane ne ƴan Baftis?

Ɗarika ce cikin Kiristocin Furotesta, ta haura shekara 400. Wasu Ingilishi da suka guje wa takurar cocin gwamnatinsu ne suka kafa ta a Amsterdam ta Holan a 1609, ƙarƙashin John Smyth da Thomas Helwys. A Najeriya, Thomas Bowen ya kawo ta ƙasar Yarbawa a 1850. Martin Luther King fasto ne na Baftis, haka shi ma tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ɗan ɗarikar ne. Nan Damagaram kuwa, mishan na SIM (Sudan Interior Mission, wata ƙungiyar masu wa'azin Kirista) ne aka fi sani tun shekarun 1920, shi ya sa sunan Baftis yake yi wa wasunmu baƙo a kunne.

Mene ne nutsarwar nan cikin ruwa?

Baftisma ke nan, kuma daga gare ta sunan ya samo asali. Katolika suna zuba wa jariri ruwa a ka. Ƴan Baftis suka ce a'a, sai wanda ya yi hankali ya furta bangaskiyarsa da bakinsa, sannan a nutsar da jikinsa duka, alamar mutuwa da tashi tare da Almasihu. A bainar jama'a ake yi, dangi na kallo ana waƙa. Ibadarsu ta biyu ita ce Jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabi don tunawa da Yesu. A sauran aƙida suna tare da yawancin Kirista: Littafi Mai Tsarki shi ne madogara, sun kuma yarda da Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Musulmi bai yarda da wannan ba, amma saɓanin aƙida daban, mallake mutane daban.

Wa ke juya su?

Nan ne zargin ya fi rauni. Ba su da Fafaroma. Kowace ikilisiya cin gashin kanta take yi. Membobi ne ke zaɓen fasto da dikinoni, wato masu taimaka masa, su duba lissafin baiko, wato kuɗin da ake tarawa a coci, in ta kama su sauke faston da ƙuri'a. Wanda ya so barin cocin ya bari.

Ƴancin addini ma tsohuwar aƙidarsu ce. Helwys ya rubuta wa Sarki James na Ingila a 1612 cewa sarki ba shi da iko a kan imanin mutum, ko Bayahude ne ko Baturke, wato Musulmi a bakin mutanen wancan zamani. A kurkuku ya ƙarasa rayuwarsa saboda wannan magana.

Ke nan ba su da tabo?

Suna da shi. Babbar haɗakarsu ta jihohin kudu na ƙasar Amurka a kan kare bauta ta ɓalle a 1845, sai a 1995 ta nemi gafara a fili. Cin gashin kan nan shi ma takobi ne mai kaifi biyu, don kowa na iya kafa allo ya rubuta Baftis ba mai hana shi. Cocin Westboro da ke jihar Kansas ta Amurka, wadda kusan duk membobinta dangin wanda ya kafa ta ne, ta yi suna wajen zanga-zanga a jana'izar sojoji. Manyan haɗakun Baftis sun nisanta kansu da ita, amma ba su da ikon cire mata sunan.