Abincin yaudara: ƙaryar da ake shirga wa kifin bas

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon bidiyon masu kamun kifi na Amurka ko Japan zai lura da wani abu. Mutum ya shiga kwalekwale da sandunan fatsa biyar ko shida, amma babu tana, babu ƙananan kifaye a bokiti, babu wani abu mai rai da zai soka a ƙugiya. Sai ya buɗe akwati, ka ga tarkace kala-kala kamar kayan wasan yara. Waɗannan tarkacen su ake kira lure da Turanci. Da Hausa sai mu ce abincin yaudara: abu ne da aka sassaƙa da katako, ko aka zuba da roba ko ƙarfe, aka maƙala masa ƙugiya, don kifi ya zaci abin ci ne ya kai masa cafka. Ita kalmar ma ba a ruwa aka haife ta ba. Masu farauta da shaho a Turai ta zamanin da suna da wani ɗaurin gashin tsuntsu da suke wulwulawa a igiya don shahon ya komo hannu. Sunan wannan ɗaurin ne masunta suka ara.

Kifin da ya fi kowanne bunƙasa wannan harka shi ne bas. Ba motar haya ba, kifin ruwan daɗi ne ɗan asalin Arewacin Amurka, wanda daga baya aka kai shi wasu ƙasashe, har da Japan a 1925. Iri biyu suka fi suna. Mai babban baki yana son ruwa mai ɗumi, inda akwai ciyawa da bado da kututturen itace. Mai ƙaramin baki kuwa ya fi son ruwa mai sanyi, garai-garai, mai duwatsu. Dukansu ƴan kwanton ɓauna ne. Bas yakan laɓe a inuwa, abu na giftawa ya wage baki farat ɗaya, ruwan da ya afka ciki ya zuƙo abin tare da shi. Kuma ba da ido kaɗai yake farauta ba. Akwai wani layi da ya bi gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya, da shi yake jin girgizar duk abin da ke motsi kusa, ko da ruwan ya yi baƙi ƙirin.

A nan ne bambancin yake. Tana mai rai ita ke yi wa kanta aiki: tana mutsu-mutsu, tana da wari, kai dai ka jefa ka zauna. Abincin yaudara kuwa mataccen abu ne har sai hannu ya motsa shi. Ba siffarsa ke ruɗin kifi ba, tafiyarsa ce. An ce kwaɗayi mabuɗin wahala, amma bas ba don yunwa kaɗai yake faɗawa tarko ba. Da bazara, idan ruwa ya kai kimanin digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyos, namijin yakan share gurbi a ƙasan ruwa ya tsaya gadin ƙwai, kuma duk abin da ya kusanto sai ya kai masa hari don kora, ba don ci ba. Wani lokacin kuma abu ne ya wuce shi a guje, ya cafke kafin ya tantance.

Mutanen da suka kafa harsashin sana'ar sun gane wannan tun da wuri. Ana ba da labarin cewa James Heddon, wani mai kiwon zuma a garin Dowagiac na jihar Michigan, yana zaune bakin tafki yana fiƙe guntun icce, ya jefa shi ruwa, sai ga bas ya kai masa bugu. Daga nan ya shiga sassaƙa, kamfaninsa ya fara sayarwa a 1902. A Finland kuma, Lauri Rapala, wani talakan masunci a tafkin Päijänne, ya lura cewa manyan kifaye ba kowane ƙaramin kifi suke bi ba: a cikin garke, wanda ke tangaɗi kamar mai rauni shi suke tsinta. A 1936 ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, ya naɗe shi da takardar gwangwani mai ƙyalli, ya narka tsohon fim ɗin hoto ya shafe shi don kada ruwa ya shiga. Abin da ya sayar wa duniya tangaɗin ne, ba ƙyallin ba. Sai Nick Creme na garin Akron a jihar Ohio, wanda a 1949 ya dafa roba a kicin ɗin gidansa ya zuba tanar roba mai laushi.

Wannan tanar robar ita ce, a ganina, ya kamata mai koyo ya fara da ita, domin ita ta fi koya wa hannu sauraro. Akwai ɗaurin da ake kira na Teksas. Za ka zura wa zare ƴar dalma mai siffar harsashi, ka ɗaura ƙugiya guda, ka soka ta a kan tanar, ka fito da ita, ka juya, sannan ka binne tsinin a jikin robar. Tun da tsinin a ɓoye yake, kana iya jefa ta cikin ciyawa ko rassan da suka nutse ba ta sarƙe ba. Sai ka bar ta ta sauka ƙasa. Ka ɗaga kan sanda a hankali, ka sauke, ka naɗe zaren da ya saki. Sau da yawa tana cikin faɗuwa kifin ke ɗauka, kuma ba wani fizga za ka ji ba. Ɗan tak ne a yatsa, ko ka ga zaren ya kama tafiya gefe shi kaɗai. Nan ne za ka fizgi sandar da ƙarfi, domin sai tsinin ya huda robar kafin ya kai ga bakin kifin.

Sauran dangin ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai mai leɓe, ɗan kifin katako ko roba mai tauri da aka sa wa faffaɗan leɓe a gaba. Kana naɗe zare ruwa na dukan leɓen, shi kuma yana nutsewa yana karkaɗa, kuma gwargwadon tsawon leɓe gwargwadon zurfin da zai kai. Akwai mai farfela, waya da aka lanƙwasa, gefe guda ganyen ƙarfe mai juyawa yana walƙiya, ɗaya gefen ƙugiya cikin gezar roba. Bai yi kama da komai da Allah ya halitta a ruwa ba, amma yana kamu, wanda ya ƙara nuna cewa motsi ne maganar. Akwai mai kan dalma da ake tsallen-tsallen da shi a ƙasa kamar jatan lande. Sai na saman ruwa, irin su kwaɗon roba da ake ja a kan ganyen bado da sassafe. Shi wannan gwajin zuciya ne. Ruwa zai fashe a gabanka, hannu ya so fizga nan take, alhali sai ka ɗan dakata ka ji nauyin kifin tukuna, in ba haka ba kwaɗon ne zai dawo maka a fuska.

To ina sanda da injin naɗi suka shigo? Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi sanda mai tsada, daga baya a fara tunanin abin da za a ɗaura mata. Abincin yaudarar shi ke zaɓar sandarsa. A jikin kowace sanda, sama kaɗan da mariƙi, an rubuta nauyin abin da za ta iya jefawa, misali kwata zuwa kwata uku na oza, wato giram 7 zuwa 21. Ban da wannan akwai siffofi biyu da ake yawan cakuɗawa. Ɗaya ƙarfi, wato nauyin da ake buƙata kafin ta lanƙwashe. Ɗaya kuma inda take lanƙwashewa: wata can kusa da tsini kaɗai, wata har tsakiya. Tanar roba da mai kan dalma da kwaɗo, masu kaurin ƙugiya, suna son sanda mai tauri da ke lanƙwasa a tsini, don fizga ta isa bakin kifi ba ta ɓace a hanya ba. Mai leɓe kuwa ƙananan ƙugiyoyi masu baki uku yake ɗauke da su, waɗanda ba sa shiga da zurfi. In ka sa masa sanda mai tauri, kifin na girgiza kai sai su tsinke daga naman. Shi sanda mai sassauci yake so, wadda za ta riƙa ba kifin hanya tana dawowa. Wannan ne dalilin sanduna shida a kwalekwale, ba burga ba ce zalla, ko da yake burgar ma ba a rasa ta. Mai sanda ɗaya yakan tsaya a ta ƙafa bakwai, kimanin mita 2.1, mai ƙarfi sama da matsakaici.

Injin naɗi iri biyu ne. Wanda ke rataye a ƙarƙashin sanda kwarkwaronsa ba ya juyawa wajen jifa, zare ne kawai ke warwarewa, don haka ya fi sauƙin koyo kuma ya fi dacewa da abu mara nauyi. Wanda ke zaune a saman sanda kwarkwaronsa na juyawa, babban yatsa ne birkinsa. Ya fi saiti, ya fi jure zare mai kauri, amma ka yi sakaci kwarkwaron ya fi zaren gudu, sai ya cukurkuɗe ya zama abin da masu harkar ke kira sheƙar tsuntsu. Lambar da ke jikinsa, kamar 6.4:1, tana nufin in ka juya hannu sau ɗaya kwarkwaro ya juya sau 6.4. Mai leɓe da ke nutsewa da zurfi yana son mai jinkiri, wajen 5:1. Kwaɗo da tana suna son 7:1 ko sama, don a kwashe zaren da ya saki da wuri.

Zare ma yana cikin ƙaryar. Kifi na ganinka, mai jar koma. A ruwa mai haske ana sa zaren fulorokabon, wanda ke nutsewa kuma ba ya fiye bayyana. Na nailan yana talewa kuma ba ya saurin nutsewa, shi ya sa ake haɗa shi da na saman ruwa. Kitsattsen zare ba ya talewa ko kaɗan, yana yanka ciyawa, amma ana ganinsa. Launi kuwa, wanda shi ya fi cin kuɗin masu saye, ƙa'idarsa gajera ce: ruwa garau, launi mai kama da na halitta, ruwa gurɓatacce, baƙi ko mai ɗaukar ido, tare da abin da ke girgiza. Sauran launuka ɗari da ke rataye a kanti, mai saye suka fi kamawa.

Gasa ce ta mayar da abincin yaudara doka. Wani Ba'amurke mai suna Ray Scott ya shirya gasarsa ta farko a tafkin Beaver na jihar Arkansas a 1967, ya kafa ƙungiyar masu kamun bas ta B.A.S.S. a 1968, kuma a manyan gasanninta ba a yarda da abinci mai rai ba. Sai dai kundin bajinta na bas mafi nauyi a duniya bai goyi bayan kowa ba. Ranar 2 ga Yuni, 1932, wani matashin manomi mai suna George Perry ya kama bas mai babban baki mai nauyin kilo 10 da ɗoriya a tafkin Montgomery na jihar Jojiya, da ɗan kifin katako na kamfanin Creek Chub. An auna shi, ya kai shi gida, iyali suka cinye. Shekara 77 ba wanda ya kamo wannan nauyin a hukumance, sai a watan Yulin 2009 Manabu Kurita ya ciro nasa a tafkin Biwa na Japan. Ya ɗara na Perry da abin da bai kai oza biyun da dokar kundin ta gindaya ba, don haka aka rubuta su kunnen doki. Shi Kurita da ƙaramin kifi mai rai ya kama nasa.