Tantance Kiran Gaggawa a Aikin Motocin Asibiti

Tantance kiran gaggawa tsari ne da hukumomin motocin ɗaukar marasa lafiya suke bi don sanin wanda za a fara kai wa ɗauki, domin a kullum kira ya fi motoci yawa. A nan ba a bin layi. Wanda ya karye a ƙafa tun ƙarfe tara yana iya jira, a wuce shi a tafi wurin wanda numfashinsa ya ɗauke da tara da rabi. Ana danganta asalin wannan tunani da Dominique Jean Larrey, likitan rundunar Napoleon ta Faransa, wanda ya riƙa kwashe raunatattu daga fagen daga da keken doki, yana fara duba wanda rauninsa ya fi muni, ko kurtu ne ko hafsa.

Lambar kira ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: 999 ta fara aiki a Landan a 1937, 911 a Amurka a 1968, ƙasashen Tarayyar Turai kuma suna da 112. Mai ɗaga wayar galibi ba likita ba ne. Jami'i ne da aka horar ya bi jerin tambayoyi a kwamfuta, irin tsarin da Dakta Jeff Clawson ya ƙirƙiro a birnin Salt Lake na Amurka a ƙarshen shekarun 1970. Tambayoyin farko ba su da yawa: ina ne wurin, yana numfashi, yana cikin hayyacinsa? Mai kira da hankalinsa ya tashi yakan ga kamar ɓata masa lokaci ake yi, alhali idan lamarin ya yi tsanani, motar takan kama hanya tun ana cikin maganar.

Ingila ta sauya tsarinta a 2017 zuwa rukuni huɗu. Na farko shi ne na rai a hannun Allah, kamar tsayawar zuciya ko ɗaukewar numfashi. Ana son matsakaicin lokacin isa ya zama minti 7, kuma a kai ga tara cikin goma a minti 15. Na biyu ya ƙunshi bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ana son matsakaicinsa ya zama minti 18. Na uku da na huɗu suna iya kai awa biyu da awa uku. Kafin wannan sauyi, kusan rabin kira ake sakawa a sahun gaggawa da ake son isa cikin minti 8, sai masu tsananin buƙata suka riƙa ɓacewa a cikin taro. Rukunin ba ya zama daram: idan jiki ya rikice aka sake kira, ana ɗaga shi sama, har a juyo da motar da ta nufi wani wurin.

Inda aikin ya fi wuya shi ne gane tsayawar zuciya ta waya. Wanda zuciyarsa ta tsaya yakan yi wani kakari jefi-jefi mai kama da minshari, sai na kusa da shi ya ce ai yana numfashi. Wannan amsa ta sha jawo asarar rai, shi ya sa ƙwararren jami'i ba ya tsayawa a kanta. Zai sake tambaya ko numfashin daidai yake, ya sa a dubi ƙirjin a faɗa masa duk lokacin da ya ɗaga. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin 'yan mintuna idan jini ya daina kai mata iska, kuma duk minti ɗaya da ya wuce ba a yi komai ba, damar rayuwa tana raguwa da kusan kashi 10 cikin 100.

Ko mota mafi sauri ba ta cika riskar waɗannan mintuna na farko ba, don haka jami'in yakan mai da mai kiran ma'aikacinsa. Ya ce a kwantar da mutumin rigingine a ƙasa, a ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirji, a danna da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6. Yana ƙirga masa da baki, ya tura wani ya buɗe ƙofa ko ya ɗauko na'urar farfaɗo da zuciya idan akwai ta kusa, kuma ba ya ajiye wayar sai ma'aikatan sun shigo ɗakin sun karɓi dannawar.