Vladislav Listyev

Vladislav Nikolayevich Listyev ɗan jaridar talabijin ne na ƙasar Rasha. An haife shi a birnin Mosko ranar 10 ga Mayu 1956, aka kuma harbe shi har lahira a birnin ranar 1 ga Maris 1995, yana da shekara 38 a duniya. Lokacin da aka kashe shi, da wuya a sami gida a Rasha da ba a san fuskarsa ba, kuma makonni kaɗan ke nan da naɗa shi babban darakta na tashar ORT, wadda ta gaji tasha ta ɗaya ta zamanin Tarayyar Sobiyet.

Yana matashi ya yi suna a wasan tsere, daga bisani ya shiga sashen aikin jarida na Jami'ar Mosko, ya kammala a 1982. Ya fara aiki a gidan rediyon gwamnati, a ɓangaren da ke watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen waje.

Tauraronsa ya fara haskawa ne a watan Oktoba na 1987, sa'ad da aka ƙaddamar da shirin talabijin mai suna Vzglyad a daren Juma'a, aka zaɓe shi cikin matasan da za su gabatar da shi tare da Aleksandr Lyubimov da Dmitry Zakharov. Wannan ya zo daidai da manufar Mikhail Gorbachev ta sassauta wa 'yan jarida takunkumi. Kafin nan, mai karanta labarai a talabijin ɗin Sobiyet takardar da hukuma ta amince da ita kawai yake karantawa, fuska a ɗaure. Su kuwa waɗannan matasa sai suka riƙa zama suna hira kai tsaye cikin harshen da mutane ke yi a gida, suna taɓo yaƙin Afganistan da cin hanci da laifuffukan zamanin Stalin, suna kuma sanya waƙoƙin ƙasashen Yamma. Miliyoyin mutane ne suke hana idonsu barci domin shirin, abin da ya sa hukumomi suka dakatar da shi a ƙarshen 1990.

Listyev da abokan aikinsa sun kafa kamfanin shirya shirye-shirye mai suna VID, wanda daga baya ya shugabanta. A nan ne baiwarsa ta gane abin da jama'a ke son kallo ta fito fili. A 1990 ya fara gabatar da Pole Chudes, wasan kacici-kacici na cike haruffan kalma da cin kyauta, kafin ya miƙa shi ga Leonid Yakubovich a 1991. Ya biyo da shirin muhawara na Tema a 1992, sai Chas Pik a 1994, inda yake zaunar da baƙo ɗaya ya yi masa tambayoyi ido da ido.

A ƙarshen 1994 Shugaba Boris Yeltsin ya sa hannu a dokar mayar da tasha ta ɗaya kamfanin hannun jari mai suna ORT: gwamnati ta riƙe kashi 51 cikin ɗari, sauran kashi 49 suka koma hannun bankuna da 'yan kasuwa, cikinsu har da attajirin nan Boris Berezovsky. A watan Janairun 1995 aka ba Listyev ragamar tashar. Babbar matsalar da ya tarar ita ce ta talla. Dillalai ne suke sayen lokacin talla da araha su sayar da tsada, kuɗi masu yawa suna sulalewa aljihunsu, tashar kuwa tana fama da rashin abin biyan ma'aikata. A watan Fabrairu shugabannin ORT suka sanar cewa za a dakatar da talla gaba ɗaya har sai an tsara sabuwar hanya ta gaskiya. Mataki ne na jarunta, amma ya taɓa abincin mutane masu ƙarfi a daidai lokacin da kisan haya ya zama ruwan dare a Mosko.

Da daren 1 ga Maris, bayan ya gama gabatar da Chas Pik ya koma gida, aka tare shi a matakalar benen da yake zaune a titin Novokuznetskaya. Harsashi ɗaya ya same shi a hannu, ɗaya a kai. Makasan ba su taɓa kuɗin da ke jikinsa ba, wannan ya sa masu bincike suka kawar da zancen fashi tun da farko.

Washegari manyan tashoshin ƙasar suka tsayar da shirye-shiryensu, suka bar hotonsa a fuskar talabijin tare da sanarwar kisansa. Yeltsin ya je cibiyar talabijin ta Ostankino da kansa ya yi ta'aziyya, sannan aka sauke babban mai gabatar da ƙara na Mosko da shugaban 'yan sandan birnin daga muƙamansu. Dubban mutane sun yi layi don yi masa ban kwana, aka binne shi a maƙabartar Vagankovo. Alhinin ya ƙaru ne saboda a watan Oktoban 1994 an riga an kashe wani matashin ɗan jarida, Dmitry Kholodov, da bam da aka ɓoye cikin jaka.

Bincike ya ɗauki shekaru, an yi ta sauya masu gudanar da shi, an yi wa ɗimbin mutane tambayoyi, kuma zargi ya fi karkata ga rikicin kuɗin talla. A 1996 mujallar Forbes ta Amurka ta wallafa rahoton da ya danganta Berezovsky da kisan. Shi kuwa ya musanta, ya kai ƙara kotu a Landan, kuma a 2003 mujallar ta amince cewa babu shaidar da ke nuna hannunsa a ciki. Masu gabatar da ƙara sun dakatar da binciken a 2006, aka sake jingine shi a 2009, ba tare da an gurfanar da wanda ya yi harbin ko wanda ya ba da kwangilar a gaban alƙali ba.