Kurdawa da janyewar sojojin Amurka daga Siriya: tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Duk lokacin da sunan Kurdawa ya fito a labarai, tambayoyin nan ne dai ake sake jefo mini. Na tattara su wuri guda. Wanda ya ƙara tambaya, nan zan turo shi.

Wace ƙasa ce ta Kurdawa?

Ba su da ita. Al'umma ce mai mutum miliyan 30 zuwa 40, a warwatse tsakanin Turkiyya, Iran, Iraƙi da Siriya. Yarjejeniyar Sevres ta 1920 ta buɗe musu ƙofar samun ƙasa, ta Lausanne ta 1923 ta rufe ta.

Larabawa ne?

A'a. Harshensu ɗan uwan Farisanci ne.

Musulmi ne kuwa?

Mafi yawansu 'yan Sunna ne, mabiya mazhabar Shafi'i. Akwai Yazidawa da Alawiyawan Turkiyya a cikinsu. Salahuddin Al-Ayyubi, wanda ya karɓo Ƙudus a 1187, Bakurde ne. Saboda haka masu kafirta al'umma guda don kawai wasu mayaƙanta sun yi aiki da Amurka, ku ji tsoron Allah ku koma ku karanta tarihi.

Me ya faru a Oktoban 2019?

Ran 6 ga wata Donald Trump ya yi waya da Recep Tayyip Erdogan, daga nan aka ɗauke sojojin Amurka da ke bakin iyakar Siriya da Turkiyya. Ba su da yawa, amma muddin suna wurin Turkiyya ba za ta harba ba, don kada ta kashe sojan abokiyar zamanta a NATO. Ran 9 ga wata jiragen Turkiyya suka fara ruwan wuta, dakarunta da 'yan tawayen Siriya da take ɗaukar nauyi suka tsallako. Suka kama tsakanin Tal Abyad da Ras al-Ain, tsawon kusan kilomita 120. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta kusan mutum 180,000 sun bar gidajensu cikin makonni biyu. Ran 12 ga wata aka tare 'yar siyasar Kurdawan Siriya Hevrin Khalaf a kan hanya aka kashe ta.

Su kuwa mayaƙan SDF, rundunar da Kurdawan Siriya ke jagoranta wadda ta yaƙi ISIS da taimakon Amurka, watanni bakwai kacal kafin nan suka ƙwace Baghuz, tungar ISIS ta ƙarshe, kuma sun ce sun rasa mayaƙa 11,000 a yaƙin. Shi ya sa da motocin Amurka suka ratsa birnin Ƙamishli na arewa maso gabashin Siriya za su fita, mutanen gari suka raka su da jifa da dankali.

Ba su san Amurka za ta iya yi musu haka ba?

Sun sani sarai, kada ku ɗauke su wawaye. A 1946 suka kafa jamhuriya a Mahabad ta Iran bisa goyon bayan Tarayyar Sobiyet. Sojojin Sobiyet na janyewa ta rushe, aka rataye shugabanta Ƙazi Muhammad a 1947. A 1975 Sarkin Iran ya sasanta da Saddam Husaini a Aljiyas, dare ɗaya Iran da Amurka suka yanke wa Mustafa Barzani, jagoran Kurdawan Iraƙi, taimako. A 1991 George Bush babba ya zuga 'yan Iraƙi su tashi, suka tashi, Saddam ya auka musu, sama da mutum miliyan guda suka gudu kan duwatsun iyakar Iran da Turkiyya. A 2018 Rasha ta kwashe sojojinta daga Afrin, yankin Kurdawa a arewacin Siriya, Turkiyya ta shiga. Kayan aro ba ya rufe katara, sun fi kowa sani. To amma a 2014, lokacin da ISIS ta yi wa garin Kobani na Kurdawan Siriya ƙawanya, wa ya kawo musu jirage in ba Amurka ba? Mai wuƙa a wuya ba ya tsayawa tantance wanda ya miƙo hannu.

To me Turkiyya ke nema da su?

PKK, ƙungiyar 'yan tawayen Kurdawan Turkiyya. Abdullah Ocalan ya kafa ta a 1978, ta ɗauki makami a 1984, rikicin ya ci rayuka kusan 40,000. Turkiyya na cewa YPG, ƙungiyar mayaƙan Kurdawan Siriya da ke ƙashin bayan SDF, reshen PKK ce da ta sauya riga. Kuma a nan ba ƙarya take yi gaba ɗaya ba, hotunan Ocalan sun cika ofisoshinsu. Amurka ma ta sa PKK cikin jerin 'yan ta'adda, sannan ta ba YPG makamai. Ba Kurdawa duka Turkiyya ke yaƙa ba; da gwamnatin su Barzani ta Erbil a arewacin Iraƙi kasuwanci take yi, har bututun mai ya haɗa su.

Ba irin abin da ya faru a Nijar ba ne, da aka kori Faransa da Amurka?

Ko kusa. A Nijar gwamnati ce mai ƙasa da tuta ta ce baƙi su fita, suka fita. A Siriya waɗanda ke zaune da baƙin roƙonsu suke su zauna. Ku daina haɗawa.

Wanda ya gudu a farmakin 2019, zai iya komawa gidansa?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ku fara yi, kuma ba ta da amsa guda. Ya danganta.

Da farko, ina ya gudu? Wanda ya tsallaka Iraƙi ya sauka a sansanin Bardarash ko Domiz a lardin Duhok, ɗan gudun hijira ne a idon doka, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, na yi masa rajista. Idan ya koma Siriya da ƙafarsa, yana iya rasa wannan matsayi, kuma ba lallai a sake buɗe masa iyaka ba in abu ya lalace. Shi ya sa za ka ga maigida ya je leƙe shi kaɗai ya bar iyali a tanti. Wanda kuwa ya tsaya cikin Siriya, misali a sansanin Washokani kusa da Hasaka, bai tsallaka iyakar kowa ba, kariyarsa tana hannun duk wanda ke riƙe da yankin a ranar.

Na biyu, wa ke cikin gidan? Kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya kan Siriya ya rubuta yadda ƙungiyoyin da Turkiyya ke mara wa baya suka wawushe dukiya suka mamaye gidaje a Afrin da Ras al-Ain. A Afrin har gonakin zaitun aka ƙwace, ko a sa wa mai gona haraji kan amfaninsa. Sai dai ba duk wanda ka tarar a gidan ne ɗan bindiga ba. Wasu iyalai ne da aka koro daga Ghuta ko Homs, su ma nasu gidan ya zama kufai. In ka ce su fita, su tafi ina? Dawowar wani tana jiran dawowar wani.

Na uku, takarda. A ƙidayar da aka yi a Hasaka a 1962, gwamnatin Siriya ta cire wa Kurdawa kusan 120,000 shaidar zama 'yan ƙasa, 'ya'ya da jikoki suka gaji rashin. Irin waɗannan ba su iya mallakar fili da sunansu, sai su rubuta da sunan wani. Bashar Assad ya mayar wa wani ɓangare nasu a 2011, ba duka ba. Mutumin da gidan kakansa ba ya kan sunansa, da me zai tsaya gaban alƙali?

Sannan ko an ba shi gidan, akwai abin da zai rayu da shi? Tashar ruwa ta Aluk da ke shayar da Hasaka tana kusa da Ras al-Ain, tun 2019 an sha katse ta. Kuma akwai waɗanda suka yi hijira sau biyu: mutanen Afrin da suka fake a Tal Rifat a 2018, aka sake tayar da su a ƙarshen 2024, dubun dubata suka nufi Tabƙa da Raƙƙa.

Kada dai ku ce babu fata. Bayan faɗuwar Assad ran 8 ga Disamban 2024, wasu sun koma Afrin. Yarjejeniyar da Mazlum Abdi, kwamandan SDF, da Ahmad al-Shara, shugaban Siriya bayan Assad, suka sa wa hannu ran 10 ga Maris 2025 ta ambaci mayar da 'yan gudun hijira garuruwansu. A watan Mayun shekarar PKK ta sanar da rusa kanta, abin da ya rage wa Turkiyya hujja. Amma sa hannu a Damaskus daban, ɗan bindigar da ke kwance a ɗakinka daban. Wanda ke da takarda, gidansa babu kowa, kuma ba a san shi da aiki da SDF ba, zai fi samun sauƙi. Wanda ɗansa ya taɓa sa kakinsu, ni dai ba zan ce ya yi gaggawa ba.

Kuma don kada a ce na ɗauki ɓangare: a 2015 ƙungiyar Amnesty ta zargi YPG da rusa ƙauyukan Larabawa da Turkumawa. Su ma waɗancan suna da gidajen da suke son komawa.

Ai Erdogan ya ce tudun mun tsira zai gina wa 'yan gudun hijira.

Ya faɗa. Turkiyya na ɗauke da 'yan Siriya miliyan 3.6 a lokacin, nauyi ne na gaske, kuma ya ce zai zaunar da miliyan ɗaya zuwa biyu a yankin. Yawancinsu ba 'yan can ba ne. Korar mai gida a zaunar da baƙo sunansa sauya mazauna yanki, ko da wane suna aka kira shi.

Amurka ta fice gaba ɗaya ke nan a 2019?

A'a. Na faɗa na sake faɗa. Kafin watan Oktoba ya ƙare Trump ya ce zai bar sojoji su tsare rijiyoyin mai, ɗaruruwa suka zauna a gabashin Siriya. Bakin iyakar da suka bari, Rasha da sojojin Assad ne suka shige, bayan Putin da Erdogan sun daidaita a Sochi ran 22 ga Oktoba. SDF da kanta ta kira su, don ba ta da wani zaɓi.